Hoton Ciki a Watanni Uku na Farko: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar gwajin fitsari ya nuna layi biyu, abu na gaba da ke faɗo wa mace a rai shi ne ta je a yi mata hoto, wato sikanin. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi hoton da ake ɗauka daga farkon ciki zuwa mako na 14. Bayani ne na gama-gari, hukunci a kan cikinki kuwa yana hannun likita ko ungozomar da ta duba ki da idonta.

Yaya na'urar take ganin abin da ke cikin mahaifa?

Da sauti take gani. Kan na'urar da ake gogawa a mara yana tura sauti mai tsananin siranta cikin jiki, wanda kunne ba ya ji. Jin ɗan Adam yana tsayawa a wajen girgiza 20,000 a daƙiƙa ɗaya, na'urar hoton ciki kuwa da miliyoyi take aiki. Sautin yana shiga ya bugi nama ko ƙashi ya dawo, kamar amsa-kuwwa, sai kwamfuta ta auna lokacin da ya ɗauka da ƙarfin dawowarsa ta zana hoto. Ruwa yana fitowa baƙi domin sauti ratsa shi yake yi ya wuce, ƙashi yana fitowa fari, nama kuma toka-toka. Jel ɗin nan mai sanyi da ake shafawa aikinsa korar iskar da ke tsakanin fata da kan na'ura, don iska tare sautin take yi.

Fasahar ta daɗe. A 1958 ne likitan mata Ian Donald da abokan aikinsa John MacVicar da Tom Brown suka wallafa sakamakon aikinsu na birnin Gilasgo a mujallar likitoci ta The Lancet, daga nan aka soma amfani da ita ga masu juna biyu.

Ba zai cutar da abin da ke cikina ba?

Shekaru sama da 60 ana yi, ba a tabbatar da cewa hoton da ƙwararre ya ɗauka bisa ƙa'ida yana jawo ɓari ko nakasa ba. Ba irin hoton ƙashi ba ne, babu tururin da ke lalata ƙwayoyin halitta a cikinsa. Amma sauti makamashi ne, idan aka daɗe da shi a wuri guda yana iya ɗan ɗumama nama. Shi ya sa ƙa'idar masu aikin ita ce a yi amfani da mafi ƙarancin ƙarfi, cikin mafi ƙarancin lokacin da zai biya buƙata. Akwai wani salo da ake kira Dofla, wanda ke auna gudun jini ya kuma fitar da ƙarar bugun zuciya. Ya fi hoto na yau da kullum ƙarfi, don haka ba a so a riƙa amfani da shi haka kawai a makonnin farko. Idan mai hoto ya nuna miki bugun a allo bai jiyar da ke ƙararsa ba, ba rowa ya yi miki ba.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kan hoton nishaɗi, wanda ake yi don a samu abin ajiyewa a waya kawai ba don wata buƙatar lafiya ba.

Jiya na gane ina da ciki. In tafi hoto gobe?

Idan ba kya jin ciwo, ba kya ganin jini, kuma ba ki taɓa samun matsala a wani cikin da kika yi a baya ba, garaje ba zai amfane ki da komai ba. Ranar da al'ada ta ƙi zuwa, cikin bai wuce mako 4 ba, kuma a lokacin na'ura ba ta da abin da za ta nuna. Mata da yawa sun shiga tashin hankali na banza saboda sun je da wuri, aka ce musu ba a ga komai ba, suka kwashe kwanaki ba barci, alhali lafiya lau cikin yake, lokacin ganinsa ne bai yi ba. Ga mai son tabbatarwa da wuri, daga mako 7 zuwa 8 hoton ya fi ba da amsa mai gamsarwa. Hoton da ya fi tattara amfani kuwa shi ne na tsakanin mako 11 da 14.

Akwai waɗanda bai kamata su jira ba: mai zubar jini, mai ciwon mara musamman a gefe ɗaya, wadda ta taɓa yin ciki a wajen mahaifa, wadda aka yi wa aiki a bututun mahaifa, wadda ciki ya shiga alhali tana da robar tazarar haihuwa a mahaifa, da wadda ta samu cikin ta hanyar dashen ƙwai. Wadda ta yi ɓari a jere, ko mai amai da ya wuce na laulayi, ita ma likita zai so ya duba ta da wuri.

Me ake iya gani a kowane mako?

Idan ta gaba aka yi hoton, wato ta farji, wajen mako 5 ana ganin ɗan baƙin da'ira a cikin mahaifa, jakar cikin ke nan. Mako 5 da rabi sai wani ƙaramin zobe ya bayyana a cikinta, jakar da ke ciyar da tayi kafin mabiyiya ta kankama. Ganin wannan zoben ne ke tabbatar da cewa cikin a mahaifa yake zaune. Wajen mako 6 tayin yana fitowa, tsawonsa 'yan milimita kaɗan, da wani ɗan ɗigo da ke ƙyaftawa a jikinsa: zuciya ce. Bugunta yana farawa a wajen 100 zuwa 120 a minti, ya hau zuwa wajen 170 a mako na 9, sannan ya ɗan sauko. A mako na 12 tayi ya kai kimanin santimita 5 zuwa 6, ana ganin kai da hannaye da ƙafafu, yana ta mutsu-mutsu ko da yake uwar ba ta fara ji ba tukuna.

Hoton da aka yi ta saman mara yakan makara da kusan mako guda wajen ganin waɗannan abubuwa.

An ce za a yi mini ta gaba. Dole ne? Ba zai taɓa cikin ba?

A farkon ciki mahaifa tana can ƙasa a bayan ƙashin mara. Ta sama, sai sauti ya ratsa fata da kitse da hanji kafin ya isa. Ta gaba kuwa kan na'urar yana zuwa dab da ita, hoton ya fito tas. Siririn sanda ne da ake rufewa da roba sabuwa a shafa masa jel, a farji yake tsayawa, ba ya shiga bakin mahaifa, ba ya kaiwa ga tayi. Ba ya jawo ɓari, ana ma yin sa ga mai zubar jini. Ana jin ɗan matsi, amma bai kamata ya yi zafi ba, in ya yi ki faɗa a dakata.

Ba a yin sa sai da yardarki. Kina da damar neman mace ta yi miki, ko a samu wata ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin. Idan kin ƙi za a gwada ta sama, sai dai ki sani cewa kafin mako 7 zuwa 8, ko inda ake zargin ciki a wajen mahaifa, na sama yana iya kasa ba da amsa.

Me ya sa ake cewa in sha ruwa in riƙe fitsari?

Cikakkiyar mafitsara tana ture hanji gefe, ta ba sauti hanyar wucewa zuwa mahaifa. Na saman mara ke buƙatar haka. Na gaba akasin haka ne, za a ce ki je ki yi fitsari tukuna.

Mako shida da aurenmu, hoto ya ce cikin matata mako takwas ne. Yaya haka?

Wannan lissafin ya sha haddasa zargi a tsakanin ma'aurata, alhali babu abin zargi a ciki. Likitoci ba daga ranar da ciki ya shiga suke fara ƙidaya ba, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe suke farawa. Mace mai zagayen kwana 28 takan saki ƙwai wajen kwana na 14, wato makonni biyun farko na lissafin babu ma cikin tukuna. Ita ma na'urar a kan wannan tsarin aka gina ta: tana auna tayi ta ba da makonni irin na lissafin al'ada. Saboda haka cikin da hoto ya kira mako 8 ya shiga ne kimanin mako 6 da suka wuce. Ka cire mako biyu daga duk adadin da ka gani a takarda, sannan ka bar sararin 'yan kwanaki gaba da baya, don awon ba ya faɗa daidai rana. Hoto ba ya iya faɗin daren da ciki ya shiga, kuma ba hanyar tantance uba ba ne.

Ranar haihuwar da hoto ya bayar ta saɓa da lissafina. Wacce zan riƙa?

Lissafin al'ada yana ƙara kwana 280 a kan ranar farko ta al'adar ƙarshe. Yana tafiya daidai ga wadda al'adarta ba ta rikicewa kuma ta riƙe ranar. Mai shayarwa, da wadda ba ta daɗe da barin maganin tazara ba, da mai al'ada mai gaba da baya, lissafinsu yana iya kaucewa da makonni.

A watanni ukun farko 'yan tayi kusan tafiya ɗaya suke yi wajen girma, shi ya sa awon tsawonsu daga tsakar kai zuwa mazaunai yake ba da shekarun ciki da kuskuren da bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ke bi ita ce a koma wa ranar hoto idan bambancin ya haura kwana 5 kafin mako na 9, ko ya haura kwana 7 daga mako na 9 zuwa ƙarshen na 13. Cikin dashen ƙwai shi kuma daga ranar dashen ake lissafa shi.

Abin da ya kamata ki kiyaye: da zarar an tsayar da rana da hoton farko, ba a sauya ta da hotunan da suka biyo baya. A watannin ƙarshe kuskuren awo yana kai mako 3, domin wani jariri babba ne wani ƙarami. Mai sauya rana duk lokacin da ta yi sabon hoto za ta iya ɓoye wa likita jaririn da girmansa ya tsaya, ko a tayar mata da naƙuda kafin lokaci. Ki adana takardar farko da kyau. Ranar kanta ƙiyasi ce, jarirai 4 zuwa 5 cikin 100 ne kawai ke zuwa a kanta.

Gwaji ya nuna ciki amma hoto bai ga komai ba.

Ɗaya daga cikin uku ne. Ko cikin bai kai a gan shi ba, ko ya riga ya zube, ko yana zaune a wajen mahaifa. Hoto ɗaya ba ya rarrabe su, don haka likita yakan auna sinadarin ciki na hCG a jini, ya sake aunawa bayan awa 48. A lafiyayyen ƙaramin ciki yakan hau sosai cikin kwana biyun, in ya zube yakan faɗi, in kuwa ya tsaya cak ko yana jan ƙafa sai a ƙara sa ido. Kada ki ɗauki "ba a ga komai ba" a matsayin sallama. Ki koma ranar da aka ce ki koma.

An ga jaka amma ba a ga bugun zuciya ba. Cikin ya lalace ke nan?

Ba lallai ba, kuma a nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna. Tun wajen 2011 zuwa 2013 aka tsaurara ƙa'idojin, bayan an gano cewa tsofaffin ma'aunan suna iya yanke wa lafiyayyen ciki hukunci. Yanzu ba a cewa ciki ya lalace da hoton da aka yi ta gaba sai an ga tayi mai tsawon milimita 7 ko fiye babu bugun zuciya, ko jaka mai faɗin milimita 25 ko fiye babu tayi a cikinta. Duk abin da bai kai haka ba, jira ake yi a sake hoto bayan kwana 7 zuwa 14. Ko ma'aunin ya cika, wurare da dama suna neman wani ƙwararren ya sake dubawa kafin a yanke magana.

Kwanakin jiran nan suna da nauyi, babu mai musun haka. Amma idan ba kya zubar da jini mai yawa, ba zazzaɓi, ba ciwo mai tsanani, jiran mako guda ba zai cutar da ke ba, maganin fitar da ciki ko wankin mahaifa kuwa ba a janye su bayan an yi. Idan aka ce miki a wanke yau a kan hoto ɗaya na mako 5 ko 6, ki tambayi awon milimita nawa aka samu.

In kuma ya tabbata ya lalace, ki sani ba hoton ne ya jawo ba, ba kuma aikin gida ko tafiyar da kika yi ba. Kimanin ciki 10 zuwa 20 cikin 100 da aka san da su suna zubewa, akasari a watanni ukun farko, kuma wajen rabinsu daga tangarɗar ƙwayoyin gado ne tun ranar da ƙwai da maniyyi suka haɗu.

Ina ganin jini. Me hoto zai gaya mini?

Kusan mace ɗaya cikin huɗu tana ganin jini a farkon ciki, kuma da yawansu suna haihuwa lafiya. Hoto zai nuna inda cikin yake da ko zuciya tana bugawa. In aka ga bugun, haɗarin ɓari ya ragu sosai. Wani lokaci akan ga ɗan jini ya taru a gefen jakar, yawanci jiki yana shanye shi ko ya fita da kansa. Sau da yawa kuma ba a ganin dalilin jinin kwata-kwata.

Mene ne ciki a wajen mahaifa, kuma me ya sa ake tsoronsa haka?

Ƙwan da ya haɗu da maniyyi yana tafiya ta bututu zuwa mahaifa. Idan ya maƙale a hanya ya kama girma a can, shi ne ciki a wajen mahaifa. Yana faruwa a ciki 1 zuwa 2 cikin 100, fiye da kashi 90 nasu a bututun. Bututu ba ya buɗewa kamar mahaifa, yana iya fashewa jini ya zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Irin wannan cikin ba ya rayuwa, ba a kuma iya mayar da shi mahaifa. Idan hoto ya kama shi da wuri, ana iya magance wasu da allurar methotrexate ba tare da tiyata ba. In ya fashe, sai fiɗa ta gaggawa.

Ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ciwo a kan kafaɗa, jiri, suma, ko jikin da ya yi sanyi yana zufa: mai ciki, ko wadda al'adarta ta makara, in ta ji ɗaya daga cikin waɗannan asibiti za ta nufa nan take, ko tsakar dare ne. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ta faɗa wa mai hoto, domin ciki yana iya zama a kan tabon ɗinkin.

Za a iya gane tagwaye tun da wuri?

Tun daga mako 6 zuwa 7. Amma tambayar da ta fi "su nawa ne" muhimmanci ita ce: mabiyiya ɗaya suke tarayya a kai, ko kowa da tasa? An fi gane wannan kafin mako na 14, ta siffar fatar da ta raba su a inda ta haɗu da mabiyiya. Bayan nan ganewa yana wahala. Masu mabiyiya ɗaya jijiyoyin jininsu a haɗe suke, ɗaya yana iya zuƙe rabon ɗaya, don haka akan duba su duk mako biyu tun daga mako na 16. Masu mabiyiya biyu kuwa akan duba su duk mako huɗu daga wajen mako na 20. Yakan faru kuma a ga jaka biyu da farko, daga baya ɗaya ta ɓace ɗayan ya ci gaba lafiya.

Mene ne awon bayan wuya?

Kowane tayi yana da ɗan ruwa ƙarƙashin fatar bayan wuyansa. Ana auna kaurinsa daga mako 11 zuwa ƙarshen mako na 13, lokacin da tsawon tayi ke tsakanin milimita 45 da 84. In ya yi kauri fiye da kima yana iya nuni ga larurar Down, wadda ke jawo wa yaro jinkirin girma da koyo, ko wata tangarɗar ƙwayoyin gado, ko matsalar zuciya. Ana haɗa shi da shekarun uwa da gwajin jini a fitar da ƙiyasi, misali 1 cikin 1,000. Ƙiyasin haɗari ne kawai, ba tabbaci ba. Jarirai da yawa masu kaurin wuya an haife su lafiya, tabbatarwa kuwa sai da gwajin ɗan yankin mabiyiya ko na ruwan mahaifa. Zaɓi ne, kina iya cewa ba kya so, kuma ba kowane mai hoto aka horar a kansa ba.

Namiji ne ko mace?

A watanni ukun farko al'aurar biyun kusan kama ɗaya ce. Duk wanda ya faɗa miki a mako na 10 canka ya yi. A bari sai mako 18 zuwa 20, shi ma in jaririn ya yarda ya buɗe ƙafa. Saurin bugun zuciya ba ya nuna jinsi.

An rubuta cewa ina da ƙulli a ƙwai, ko ƙari a mahaifa.

Ƙullin ruwa a ma'ajiyar ƙwai a farkon ciki yawanci gurbin da ƙwan ya fito ne. Shi ke samar da sinadarin da ke riƙe cikin kafin mabiyiya ta karɓi aiki, kuma yakan baje da kansa zuwa wata na huɗu. Ƙarin mahaifa ma ya zama ruwan dare, galibin masu shi suna haihuwa ba matsala, ana dai rubuta girmansa da mazauninsa don a bibiya. Idan aka ce mabiyiya tana ƙasa a wannan lokacin, kada ki damu tukuna, mahaifa na girma tana janye ta sama a mafi yawan mata.

Wanda ke buƙatar kulawa ta musamman shi ne cikin da mabiyiya ta rikiɗe ta zama tarin ƙananan ƙuraje masu ruwa, galibi babu tayi. Ba kasafai ake samunsa ba. Ana kwashe shi, sannan a bi sinadarin hCG na tsawon lokaci har ya koma daidai.

Me haruffan da ke jikin takardar suke nufi?

GS jakar ciki ce, YS ƙaramin zoben da ke cikinta, CRL tsawon tayi daga kai zuwa mazaunai. FHR bugun zuciya a minti, GA shekarun ciki, EDD ranar da ake sa ran haihuwa, LMP ranar al'adar ƙarshe. In kika ga 9w3d, mako 9 da kwana 3 ke nan.

Hoto nawa ya kamata a yi, kuma in na farko ya yi kyau shi ke nan?

A shawarwarinta na 2016 kan awon ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta samu hoto ɗaya kafin mako na 24, don tsayar da shekarun ciki, gano tagwaye da nakasa, da rage tayar da naƙuda a kan zaton ciki ya wuce lokaci. A Ingila guda biyu ake yi wa kowa, na mako 11 zuwa 14 da na mako 18 zuwa 21. Ƙari a kan haka sai da dalili. Yin hoto duk mako ba ya riƙe cikin da zai zube.

Hoton farko mai kyau labari ne mai daɗi, amma gaɓoɓi ba su gama bayyana ba. Zuciya da ƙoda da ƙashin baya da leɓe, a hoton tsakiyar ciki ake duba su dalla-dalla, shi ma ba komai yake kamawa ba. Hoto kuma ba ya auna hawan jini, ba ya gano ƙarancin jini ko ciwon suga ko cutar da ke cikin fitsari. Waɗannan a wurin awo ake gano su, saboda haka ki fara zuwa awo tun cikin makonni 12 na farko, ki tafi da takardar hotonki.